Shekarar da Aka Ɓoye Ni

Hannun damana shi ne abin da na fi so a duk jikina. Fuskata ba abin a zo a gani ba ce, ƙafafuna kuma na zalɓe ne aka ara mini, amma hannun nan tun ina ɗan mitsitsi ake maganarsa a unguwarmu a Argungu. A gonar shinkafar kakana na koyi jifa, lokacin korar tsuntsaye. Sauran yara su yi ta kaɗa ƙwarya suna ihu, ni kuwa hoge nake ɗauka. Ranar da na sami wani jan-baki a ƙirji, danginsa duka suka tattara suka yi ƙaura zuwa Zauro. Har yau manoman can ba su san ni na tura musu baƙi ba.

Da aka kai ni makarantar kwana a Birnin Kebbi, na daɗe ban ga abin so ba. Lissafi ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, kowa ya kama gabansa. Waken da ake dafa mana kuwa da namansa yake zuwa, irin mai ƙafa shida. Ina cikin wannan hali aka kai mu fili wata la'asar, aka nuna mana wani wasan Turawa da ake kira kurket. Ana kafa sanduna uku a ƙasa. Mutum ɗaya ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana tsaronsu, wani kuma ya rugo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba don ya kayar da su. Sauran dokokin suna da yawa, ina jin Baturen da ya ƙago su ma bai gama haddace su ba. Ni dai abin da ya shiga kunnena shi ne, ashe akwai wurin da ake tafa wa mutum don ya yi jifa. A gida dukana ake yi.

Malamin wasanninmu dogon mutum ne mai sanyin magana, wanda yake tattalin dariyarsa kamar gishiri. Shi ya fara miƙo mini ƙwallo. Da na jefa, ta wuce mai katako kafin ya ɗaga hannu, ta wuce sandunan, ta wuce yaron da ke bayansu, ta je ta sami tukunyar kuku a bayan ɗakin girki. Malam ya ce, "Gudu akwai." Bai ce komai a kan sauran ba. Tun daga ranar, in ni ke jifa, zabin hedimasta sukan hau bishiya, masu wucewa su canza hanya. Abin da kawai ke zaune lafiya a duk filin shi ne sandunan nan uku.

Kowace shekara bayan kaka yaran makarantar Sakkwato sukan zo cikin mota su kara da mu. Gari yakan fito kallo, har Di'o, Baturen mulki, a kan kujerarsa. Ni tun damina na gama buga wasan nan a cikin kaina, na kayar da 'yan Sakkwato kaf, har an ɗauke ni a kafaɗa an kewaya kasuwa da ni.

Ana gab da ba mu hutu Malam ya kira ni gindin maɗaci.

Ya ce, "Bana ba za ka shiga wasan Sakkwato ba."

Na duba bayana ko da wani yake.

"Da kai nake. Ƙashinka bai ƙosa ba. Ina ganin kana murza gwiwar hannu in ka gama jifa, kana tsammani ban gani ba. Manyan masu jifanmu biyu za su gama makaranta bana. Baɗi fili naka ne. Yanzu ka yi ta koyo, ranar wasa ka zauna ka kalla."

"Malam, shekara guda cur?"

"Shekara guda."

Kafin magariba labari ya gama ɗakunan kwana, an kuma naɗa ni sarauta: Sarkin Zaune. In na shigo wuri sai a miƙe a share mini benci, wani ya durƙusa ya ce a zauna lafiya. Ni da na saba tsokanar mutane, ban san haka abin yake da zafi ba.

A makarantarmu in la'asar ta yi yara kashi biyu ne, 'yan fili da 'yan lambu. Wanda ya bar fili ya koma lambu ba ya dawowa, doka ce. Malam ya ce bayan wasan Sakkwato zai sake rabo. Nan take na yanke shawara: lambu zan koma. Albasa dai ba ta naɗa sarauta.

Da wannan baƙin ciki na isa gida. Inna ce ta fara ganewa, don kwano biyu kawai na ci na tuwon shinkafa na tsame hannu. Ta taɓa goshina, ta leƙa idona, ta ce in je in ga Baba, wannan ciwo ya fi ƙarfinta.

Babana masunci ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, shi ya sa kullum rigarsa take zamewa gefe. Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin homa, ragar da yake su da ita. Na gaishe shi na zauna na haɗa fuska, ina jira ya tambaya. Ya ƙi. Na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi har zaren da ke hannunsa ya motsa.

"Ɗan boko, mi anka yi ma?"

Na kwashe duka na gaya masa, na ƙara gishiri inda ya kamata. Na ce an wulaƙanta ni gaban duniya, an ce in zauna shekara guda kamar kaza a kan ƙwai, ni kuwa na gama da jifa, lambu zan koma.

Baba ya ajiye allura. Ya dube ni. Sai na ga bakinsa yana buɗewa a hankali, har na ga haƙorin nan nasa na can ciki da ba a cika gani ba.

"Yac ce ka hi su gudun hannu?"

"Haka yac ce."

"Yac ce kak ka hito bana, sai baɗi?"

"I, Baba."

"Kuma baƙi za su zo daga wani gari?"

"Daga Sakkwato."

Ya buga cinya ya miƙe tsaye, homa ta zube ƙasa. "An ɓoye ka! Ke, hito ki ji! An ɓoye ɗanki!"

Sai na yi bayani a nan. A garinmu in kaka ta yi aka fara kokawa, manya sukan lura da yaron da ya fi alamar ƙarfi. Ba sa sakinsa a fili a shekarar. Su yi ta ɗura masa fura da kifi, su gwada shi a bayan gari inda ba ido. Ranar wasa kuma su lulluɓe shi da gwado su zaunar da shi kusa da makaɗa, kada mutanen Gulma ko na Augie su ga faɗin ƙirjinsa su san inda za su kama. Sai shekara ta kewayo a yaye gwadon. Ba kowane gida ke samun wannan ba. Baba ya yi kokawa da ƙuruciya, ya san darajar abin.

Na ce, "Baba, ba haka ba na. Wannan wasan Turawa na, ba a ɓoye mutum."

"Turawa ba su da wayo?"

"Suna da shi."

"To, ka gani."

"Ƙashina yac ce bai ƙosa ba."

"Haka aka hwaɗi ma yaro don kak kainai ya kumbura. Wanga Malami naku ɗan gidan kokawa na, ko bai sani ba."

Na sake tayar da maganar lambu. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Wa ka taɓa gani an ɓoye cikin albasa?"

Washegari da sassafe ya tashe ni, ya ce in ɗauko kwandon goruba da ya sayo. Muka shiga kwalekwale ya tuƙa mu zuwa wani yashi a tsakiyar gulbi, inda ba kowa sai zalɓe, 'yan'uwana na wajen ƙafa. Ya kafa karan gero uku yadda na kwatanta masa, ya ɗauki filafilin tuƙi ya tsaya gabansu, ya ɗaure riga a ƙugu.

"Jeho mu gani."

Ban taɓa ganin mai bugu irin Baba ba, ba na kuma fatan in sake gani. Yana riƙe filafili kamar zai kashe maciji. Yakan rufe ido kafin goruba ta iso, ya kai bugu bayan ta wuce. Ta farko ta faɗa ruwa. Ta biyu ta tayar da zalɓe. Ta uku ta same shi a ƙwauri, ƙarar ta kai tsallake. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya kewaye karan geron, hawaye na zuba, yana cewa, "Madalla! Da ɗan Sakkwato na, da yanzu an tahi kiran maɗori! Sake!"

Haka muka yi ta yi kullum har hutu ya ƙare. Bai koya mini komai ba, don bai san komai a wasan ba. Shawararsa ɗaya ce, in yi kururuwa kafin in saki goruba, don a tsorata abokin gaba. Amma ƙwaurinsa ya yi ta kumbura, har Inna ta fara yi mini kallon mai neman mayar da ita gwauruwa. Sai tsoro ya kama ni kada in karya tsohon kafin in koma makaranta. Na rage gudu, na fara duba inda nake jefawa. Wata safiya karan tsakiya ya tashi sama ya faɗi. Muka tsaya muna kallonsa kamar mun ga jinjirin wata. Baba ya jefar da filafili ya sungume ni, muka zame tare muka faɗa ruwa.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Da ya ga na kai hannu gwiwa zan murza, sai ya tattara goruba. In na roƙa a ƙara ko ɗaya, ya ce jirgi zai tashi, mai son kwana da zalɓe ya zauna. A gida Inna ta shafa mini man kaɗanya, ta shafa wa Baba sauran a ƙwauri.

Ɓoyo kuwa sai da sirri, Baba kuma ya riƙe sirrin nan da dukan ƙarfinsa. In ya haɗu da mutum a bakin gulbi sai ya ja shi gefe, ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Kak ka hwaɗa ma kowa." Ya gaya wa mahauci a haka. Ya gaya wa wanzami, wanda bambancinsa da mai shela ganga ce kawai. Kafin mako ya ƙare mata masu bandar kifi da raɗa suke gaishe ni: "Sannu, ɓoyayye." Wata tsohuwa ta ba ni ƙosai kyauta ta kashe mini ido. Ina jin a duk Argungu kifi ne kawai bai ji ba, shi ma ban tabbata ba.

Na ji daɗin hutun nan, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma makaranta na tarar da sarautata tana jirana, benci a share. Goruba a kan yashi daban, wasan Sakkwato daban. Shawarata tana nan: in an gama wasa, lambu.

Ranar wasa gari ya cika fili. Motar 'yan Sakkwato ta iso suna waƙa. Di'o ya zauna a inuwa da malafarsa. 'Yan wasanmu sun sa fararen kaya sai ƙyalli suke, ni kuwa an ba ni babban aiki, tsaron tulun ruwan sha. Na zauna a ƙarshen benci na sunkuyar da kai, ina ƙirga tururuwa.

Sai na ji ganga.

Ba gangar makaranta ba ce. Kiɗan kokawa ne, irin na garinmu. Na ɗaga kai. Mutane suna darewa, ga Baba yana tahowa da babbar rigarsa ta Juma'a, ta zame gefe kamar kullum, da wani ƙaton gwado a kafaɗa. A bayansa tsohon abokinsa ne, makaɗin 'yan kokawa, wanda kunnensa ya daɗe da barin aiki. Sun biyo gulbi da kwalekwale tun jiya don su zo su ga ina zaune.

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"Baba, mi kunka zo yi? Ba ni wasa!"

"Shi munka zo gani."

Kafin in sake magana ya warware gwadon ya naɗe ni tun daga wuya har ƙafa, ya ja wani ɓangare ya rufe mini kai, ya bar ido kawai. Rana kuwa tana tsakiya. Gumin da na yi a cikin gwadon nan, da an tara shi da an noma shinkafa. Baba ya zauna a damana, makaɗi a haguna yana taɓa ganga a hankali.

Malam ya iso da sauri. Baba ya miƙe, aka yi gaisuwa har ta kai kan awaki, ya ciro ƙunshin bandar kifi ya miƙa masa da hannu biyu.

Malam ya ce, "Baba, na gode. Amma ina jin yaron nan bai yi muku bayani daidai ba. Ba ɓoye shi na yi ba. Hannunsa ne bai ƙosa ba, kuma jifansa bai daidaita ba."

Baba ya gyaɗa kai da girmamawa, ya dubi wajen 'yan Sakkwato, ya rage murya. "Haka na, Malam. Haka za mu hwaɗi in sun tambaya."

"A'a, Baba, gaskiya nake faɗa."

"Allah shi ƙara basira. Ko ni na kusa yarda."

 Malam ya dubi kifin da ke hannunsa, ya dube ni a cikin gwado ina ƙifta ido. Na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya juya ya tafi da sauri kafin dariyar ta zube a gaban Di'o.

Aka fara wasa. Ba a daɗe ba na lura 'yan Sakkwato suna waiwayowa. Can suka turo wani ƙaraminsu, wai ruwa zai sha. Ya ɗebo ya kai baki, idonsa a kaina.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ba kowa na ba. Sha ruwanka ka tahi."

Makaɗi bai ji tambayar ba, amma ya ga bakin yaro ya motsa. Ya kwatsa murya yadda kurame ke yi, har Di'o ya waiwayo: "Ɓoyayyen Kabi na! Da goruba guda ya kashe dorina!"

Yaron ya ƙware da ruwa, ya ruga.

Daga nan fa abin ya fara yi mini daɗi. Na gyara zama, na buɗa kafaɗu a cikin gwado don in ƙara faɗi. In mai bugunsu ya waiwayo sai in zare masa ido in juya wuya a hankali. Wani ya shagala da kallona har ƙwallo ta wuce ta watsar da sandunansa. 'Yan makarantarmu suka ɓarke da sowa. Masu share mini benci suka dawo bayana suka tsaya, suna gaya wa mutanen gari cewa ɗakinmu ɗaya da ni. Kafin a jima dorinar ta zama biyu.

Amma 'yan Sakkwato suna da wani ƙato, shugabansu, wanda ba ya waiwaye. Duk ƙwallon da aka jefa masa sai ya aika ta bayan fili. Ana cikin haka ɗaya daga manyan masu jifanmu ya kai hannu zai cafe wata da ya bugo, ta fasa masa yatsa. Aka fito da shi. Malamin Sakkwato ya ce ba laifi a sa wani a madadinsa.

Ban san wanda ya fara ba, sai na ji fili ya ɗauka: "A fito da ɓoyayye! A fito da ɓoyayye!" Yara, mutanen gari, har kuku. Makaɗi ya ga bakuna suna motsi, ya saki ganga da ƙarfi.

Malam ya taho wajenmu a hankali, ƙwallo a hannunsa. Ana cinmu, kowa ya sani. Ya tsaya a gabana yana juya ƙwallon, na ga yana auna abin a ransa.  Na yunƙura zan miƙe.

Na kasa. Baba ya zauna a kan gefen gwadon.

"Baba, tashi! Ni aka kira!"

Bai dube ni ba. Ya dubi Malam. "Malam, kai kac ce bana hannunai bai ƙosa ba. Tsakanin ɗazu da yanzu ya ƙosa?"

Malam ya sake juya ƙwallon a hannunsa. Baba ya ci gaba.

"In don an ci ku yau na, a ci ku. Gari ba ya tashi."

 Malam ya ce, "Gaskiyarku, Baba." Ya juya ya miƙa wa wani ɗan babban aji ƙwallon, yaro mai jifa a hankali kamar yana miƙa wa kakarsa goro.

Hawaye suka cika mini ido, na gode Allah da gwado. Na ce ta cikinsa, "Ka hana ni. Da na kada shi."

Baba ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Wannan karon bai yi raɗar nan tasa ta wasa ba, magana ya yi ƙasa-ƙasa.

"Ina kamar kai anka yi min irin wanga kira. Mutanen Gulma sun kada manyanmu, hili ya ɗauka a hito da ni. Ubana ya rasu, ba wanda zai zauna min bisa gwado. Nit tashi ina jin daɗi. Wani ƙato ya ɗaga ni ya buga da ƙasa." Ya taɓa kafaɗarsa ta dama. "Kokawata ta hwarko, ita ta ta ƙarshe."

Duk rayuwata ina ganin kafaɗar nan, ina tsammani nauyin homa ne ya saukar da ita.  Baba ya ɗebo ruwa a tulu ya tura moɗa ta ƙarƙashin gwado.

"Sha, kak ka narke. In ka narke uwarka ba ta bari na shiga gida."

An cinye mu, ci mai kyau. Amma abin mamaki ba wanda ya tafi da baƙin rai. Mutanen gari suna watsewa suna cewa ai ba a fito da babban ba. 'Yan wasanmu ma suka kama faɗin haka, har wanda yatsansa ya fashe.

'Yan Sakkwato suna shirin hawa mota sai ƙaton nan nasu ya taho. Ya gaida Baba da ladabi, ya durƙusa, ya ɗaga gefen gwadon daga ƙasa. Ya ga ƙafafuna. Ya daɗe yana kallonsu.

"Wannan ne ya kashe dorina?"

Baba ya ce, "Ƙahwa ka gani. Hannu na ciki."

Ƙaton ya yi dariya, ya leƙo idona. "To, ɓoyayye, ni ban gama makaranta ba. Baɗi ina nan. In ka isa ka fito."

Na nemo murya daga can ƙasan cikina, mai kauri, na ce, "Ka zo da maɗorinka." Rabinta ta fito da kauri, rabin kuma ta tsinke ta koma ta ɗan akuya. Duk wurin aka kwashe da dariya, har ni. Ya miƙo hannu, na zaro nawa daga gwado muka tafa. Baba ya yi maza ya mayar da hannun ciki.

Na raka su bakin gulbi da yamma. Baba ya naɗe gwadonsa yana toshe hanci, ya ce sai ya kwana a ruwa kafin ya shiga gida. Bai tambaye ni maganar lambu ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya ce in ci wake ko da namansa, in gaida Malam. Makaɗi ya sa mini albarka da ƙarfi kamar yana kiran wani a tsallake. Suka tura kwalekwale, na tsaya har suka sha kwana.

Washegari da la'asar Malam ya tara mu a fili.

Ya ce, "Masu son komawa lambu su koma hagu."

Yara biyu suka fita. Ni na daɗe ina shirya wannan tafiya, na san har yadda zan ɗaga kai in wuce ba waiwaye. Na dubi ƙafafuna. Suka dube ni. Ba wanda ya motsa.

Malam ya ce, "Kai fa? Na ji an ce can za ka."

"Malam, akwai wani ɗan Sakkwato da zai zo nemana. Bai kamata ya tarar da ni da garma ba."

"Ka san ko gobe wasu suka zo, benci za ka koma."

"Na sani, Malam."

"Shekara guda."

"Ai an ci wani abu daga ciki."

Ya jefo mini ƙwallo, na cafe. Na ja da baya, na rugo, na saki. Ta wuce sandar gefe da kaɗan, kaɗan ƙwarai, har na ga kamar ta girgiza.

Malam ya ce, "Sake."

Na je na ɗauko ta.